Shanyewar Ɓarin Jiki: In Hannu Da Ƙafa Sun Samu, Wa Zai Yi Jinyar Zuciya?

A wannan wata za mu tattauna a kan wani ciwo da ya shiga gidajenmu da yawa a Paraku da Jugu, wato shanyewar ɓarin jiki, wanda likitocinmu ke kira AVC da Faransanci. Kowa ya san yadda yake kama hannu da ƙafa da harshe. Mu kuwa zancenmu a kan zuciyar majinyaci yake, bayan an sallame shi daga asibiti, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, ya rage daga shi sai tabarma da bango.

Ga abin da ya jawo maganar. A hutun lakwal da ya wuce, wani tsohon ɗalibinmu ya same mu a gida da waya a hannunsa. Mahaifinsa tela ne a unguwar Zongo ta Paraku, ya kusa shekara 40 yana taka keke, kuma da wuya a yi sallar idi a layinmu ba a ga ɗinkinsa a jikin manya ba. Bara, yana cikin alwalar asuba, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Aka garzaya da shi asibiti, Allah ya yi da sauran kwana. Bayan wata takwas yana takawa da sanda, magana ma ta dawo, sai dai da nauyi. To amma ya daina fita ko ƙofar gida, abinci sai an yi da gaske, wani lokaci kuma sai a ga hawaye na zuba ba wanda ya ce masa komai. In an ce, "Baba, ya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah," ya juya fuska bango.

Yaron ya miƙo mana wayar ya ce, "Mushe, wani ɗan'uwanmu da ke Faransa ne ya turo mini wannan ta WhatsApp. Wai Turawa sun gano wani naman kaza da ke wanke baƙin ciki a sha ɗaya, har wai yana tayar da jijiyar da ta mutu. Ku duba mana, in gaskiya ne mu sa a aiko wa Baba." Ya ƙara da cewa wani abokinsa ya gaya masa ba sai an je da nisa ba, zaƙami ma aikin da yake yi ke nan. Muka ce ya ba mu mako biyu. Muka karanta abin da ya sawwaƙa, muka tambayi ma'aikatan lafiya, ga kuma abin da muka samo.

GIRMAN CIWON A WAJENMU

Ciwon yana aukuwa ne idan gudan jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, ko kuwa jijiyar ta fashe jini ya malala. Sashen da jini bai kai gare shi ba sai ya lalace, aikin da yake yi wa jiki kuma ya tsaya. A shekarar 2016, Farfesa Thierry Adoukonou, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na Jami'ar Paraku, shi da abokan aikinsa suka bi gida gida a unguwar Titiru suka duba mutum 4,671. Suka sami 54 da ciwon ya taɓa kamawa, wato kusan mutum 12 cikin kowane 1,000. Waɗannan su ne suka rayu. Ba a lissafa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba.

Wani babban bincike kuma da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, ya fito a 2018. An gwama majinyata 2,118 da masu lafiya adadinsu, aka tarar kusan kashi 9 cikin 10 na ciwon yana da nasaba da hawan jini, wato tansiyo. Mu riƙe wannan da kyau, don za mu komo kansa.

CIWON DA IDO BA YA GANI

Binciken da aka tattara daga ƙasashe da yawa ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka tashi daga wannan ciwo sukan faɗa cikin ciwon damuwa. Dalili biyu ne ke haɗuwa. Na farko, rauni ne a cikin ƙwaƙwalwar kanta, domin wurin da ke tafiyar da hannu yana maƙwabtaka da hanyoyin da ke daidaita farin ciki da baƙin ciki. Shi ya sa wasu kan fashe da kuka ko dariya ba tare da sun yi niyya ba. Na biyu kuwa asara ce. Mutumin da ya saba ba da kuɗin cefane ya koma sai an ba shi, wanda ke jan sahu a masallaci ya koma sai an kai shi bayan gida. Ga mu kuma baƙi ne ƴan kasuwa da ƴan sana'a tun zamanin da kakanninmu ke bi ta Nikki da Paraku da Jugu da ayarin goro zuwa Gwanja. Yawancinmu ba mu da fansho. Hannunmu shi ne jarinmu.

Alamomin ba su da wuyar ganewa: rashin barci ko yawansa, ƙin abinci, gudun mutane, saurin fushi, ƙin shan magani, da yawan cewa gara ma mutuwa. Idan suka wuce mako biyu, ciwo ne, kuma yana hana jikin ma samun sauƙi, tunda wanda ya fid da rai ba zai tashi ya je wajen kine a motsa masa gaɓoɓi ba. A wajenmu sai a ce ai tsufa ne, ko a ce sammu ne, ko kuma a ce imaninsa ne ya yi rauni. A nan ne bango ke tsagewa, ƙadangare ya sami wurin shiga.

INA GASKIYAR NAMAN KAZAN TURAWA?

Akwai gaskiya a ciki, amma an yi mata ƙari. Turawa na da wani jinsin magunguna da suke kira sikedelik, wato masu juya hankali su sa mutum gane-gane na wasu awoyi. Wani masani ɗan Suwizalan, Albert Hofmann, shi ya haɗa wanda ake kira LSD a 1938, ya gano ƙarfinsa a 1943, sa'an nan a 1958 ya tace silosibin daga wani irin naman kaza na ƙasar Meziko. Da samari suka mai da su kayan maye, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin abubuwan da aka tsananta wa tsaro a yarjejeniyar 1971. Bincike ya kusa tsayawa cik.

Daga baya likitoci suka sake waiwayarsu. A 2016, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, aka ba masu ciwon daji 51 silosibin, da yawansu suka sami sauƙin damuwa da fargaba har tsawon watanni. A 2022 aka buga sakamakon wani gwaji na mutum 233 waɗanda damuwarsu ta gagari magungunan da aka saba. Bayan mako uku, kimanin 29 cikin 100 na waɗanda aka ba babban awo sun sami sauƙi sosai, a waɗanda aka ba ɗan ƙanƙanin awo kuwa 8 ne cikin 100. Sai dai fiye da kashi 3 cikin 4 na dukansu sun yi fama da ciwon kai ko tashin zuciya ko jiri da makamantansu, wasu ma tunanin hallaka kai ya taso musu. Ƙasar Ostiraliya ta yarda, daga Yuli 2023, wasu zaɓaɓɓun likitocin tabin hankali su riƙa ba da shi ga irin waɗannan majinyata.

Batun tayar da jijiya kuwa ya samo asali ne daga ɓeraye. An daɗe da sanin cewa mai shanyewar ɓarin jiki ya fi samun sauƙi a watanni ukun farko, kamar dai wata ƙofa ce ta koyo ke buɗewa a ƙwaƙwalwa sa'an nan ta riƙa rufuwa. A 2023 wata masaniya mai suna Gül Dölen, tana Johns Hopkins a lokacin, ta nuna cewa waɗannan magunguna suna sake buɗe wata ƙofar koyo a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye, silosibin na kimanin mako biyu, LSD mako uku. Wannan ya sa masana fatan ko wata rana za a haɗa su da aikin kine. Fata ne mai kyau, amma ɓera daban, dattijo mai tansiyo daban, kuma babu wani babban gwaji da ya tabbatar cewa suna warkar da masu wannan ciwo.

ABIN DA SAƘON WAYA BAI FAƊA BA

Na farko, silosibin da LSD suna ɗaga hawan jini, suna kuma sa zuciya bugawa da sauri a awoyin da suke aiki. Saboda haka masu gwaji sukan cire duk mai tansiyon da bai daidaita ba, da mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa tabin hankali ko yake da shi a dangi na kusa, galibi har da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki. Ashe ke nan irin su Baba tela su ne ainihin waɗanda ba a yarda su shiga gwajin ba. Mun ga a baya cewa tansiyo ne uban tafiya a ciwon nan. Ba mai hankalin da zai ƙara wa wuta itace.

Na biyu, a can ana auna maganin daidai da miligiram, a shirya majinyaci kwanaki kafin ranar, ƙwararru su zauna da shi awa shida zuwa takwas, su kuma ci gaba da ganawa da shi bayan nan. Abin da za a ƙunso a aiko cikin jakar matafiyi ba wanda ya san ko mene ne. Naman kaza ma iri iri ne, akwai wanda ke lalata hanta ya kashe mutum cikin kwanaki.

Na uku, doka. Ƙasarmu Benin tana da dokar 18 ga Yuli 1997 a kan miyagun ƙwayoyi, wanda aka kama da irin waɗannan kaya kuwa, shi da mai aikowa, sai sun yi bayani a gaban alƙali. Ban da haka, malamanmu sun sha gaya mana hukuncin abin da ke gusar da hankali.

Shi kuwa zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, ba ma danginsu ba ne. Guba ce da ke busar da maƙogwaro, ta sa zuciya gudu, jiki ya yi zafi, fitsari ya tsaya, mutum ya rikice bai san inda yake ba, kuma tana kisa. Haka iboga da ake sha a wasu bukukuwan gargajiya na Gabon, an san ta da rikita bugun zuciya, an kuma yi asarar rayuka ta dalilinta. Tiramol da ya addabi samarinmu shi ma ba maganin baƙin ciki ba ne, yana jawo farfaɗiya, ya kama mutum ya ƙi saki.

MUTUMIN DA YA SAN SU CIKI DA BAI

Akwai wani Ba'amurke, Richard Alpert, malamin sanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Harvard, wanda aka sallama daga aiki a 1963 saboda gwaje-gwajen waɗannan magunguna. Ya tafi Indiya a 1967, ya dawo da sunan Ram Dass, ya shahara da wa'azi irin na addinin da ya bi, wanda ba namu ba ne. A Fabrairu 1997 jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, ɓarinsa na dama ya shanye, magana ta yi masa wuya. Shi da bakinsa ya faɗa cewa da farko ya shiga ƙunci, har abin da ya yi imani da shi ya girgiza, duk da shekarun da ya yi yana koya wa mutane natsuwa. Sannu a hankali ya koyi karɓar taimako ba tare da jin kunya ba, ya riƙa kallon ciwon a matsayin wata rahama mai zafi. Ya rayu shekara 22 bayan haka, a keken guragu, ya rasu a Disamba 2019. Darasin da muka ɗauka shi ne, mutumin da ya fi kowa sanin waɗannan magunguna bai tsira daga baƙin cikin ciwon ba, kuma godiyar da ya kai gare ta sai da ta ɗauki lokaci da hannun masu jinya.

GODIYA A MA'AUNIN MASANA

Su ma masana sun auna godiya. A 2003, Robert Emmons da Michael McCullough a Amurka suka sa mutum 65 masu ciwon jijiya da tsoka, har da waɗanda shan inna ta taɓa, cikin wani gwaji na kwana 21. Wasu daga cikinsu aka ce kullum da dare su rubuta abubuwan da suke godiya a kai. Waɗannan suka fi sauran samun barci, suka fi jin daɗin rayuwa da kusanci da mutane, amma raɗaɗin jikinsu bai canja ba. A 2020 kuma wasu masana na Jami'ar Jihar Ohayo suka tattara gwaje-gwaje 27, suka ce amfanin irin wannan aiki ga mai ciwon damuwa yana nan, amma kaɗan ne, bai kai ya maye gurbin magani ba.

Mu dai ba a Amurka muka fara ganin wannan ba, a Jugu ne. Muna da wata gwaggo a can, mai sayar da wagashi, wadda ciwon ya kama shekarun baya, aka yi jinyarta a asibitin Ordre de Malte da ke garin tun 1974. Duk wanda ya je gaishe ta zai sha labarin abin da ke damunta: kafaɗa na ciwo, ba ta iya ɗaura zane da kanta, wata ta gaje mata wurin zama a kasuwa. Ba ta ɓoye ko ɗaya. Amma bayan magariba sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ƙirga da yatsu biyar, ta ambaci abu biyar na wannan yini da sunan wanda ya yi: jikar da ta tsefe mata kai, maƙwabciyar da ta aiko da kunu, babban yatsan ƙafa da ya motsa. Ta ce mana, "Ɗana, in na ce Alhamdu lillahi a dunƙule, harshe ne ya faɗa. In na ƙirga, sai zuciya ta ji."

GODIYAR BAKI DA TA ZUCI

Mu Hausawa ba a fi mu godiya a gaisuwa ba. Ina gajiya, ba gajiya. Ya jiki, da sauƙi. Al'ada ce mai kyau, sai dai takan zama murfi. Majinyaci ya san amsar da ake jira, sai ya bayar, mu kuma mu tashi da murna. In ya kuskura ya ce ya gaji, nan da nan mu ce, "Haba, gode wa Allah, wani ai ko tashi bai yi ba." Da wannan mun toshe masa baki, mun kuma ɗora masa laifi a kan ciwo. Alhali malamai sun karantar da mu cewa Annabi Ayuba ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, Annabi Yakubu ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya fitar da su daga sahun masu haƙuri.

Da mako biyun suka cika, muka je gidan Baba tela tare da ɗansa. Muka gaya wa yaron gaskiya: kada a aiko da komai, kada kuma zaƙami ya shigo gidan. Sa'an nan muka zauna kusa da dattijon, muka ce, "Baba, yau ba jiki muka zo tambaya ba. Me ya fi damunku?" Ya yi shiru har muka zaci ba zai amsa ba. Can ya nuna keken ɗinkinsa da aka lulluɓe da tsohon zane a lungu, ya ce, "Malam, kullum ina cewa na gode. Wallahi baki ne kawai. Ina jin tsoron Allah ya kama ni da butulci." Ya yi kuka, muka bar shi ya yi.

Washegari aka mai da shi wajen likita, aka faɗi abin da ba a taɓa faɗa ba, wato batun kuka da rashin barci da ƙin abinci. Likita ya gyara masa maganin tansiyo, ya rubuta masa na damuwa. Irin waɗannan magunguna an gwada su a kan masu wannan ciwo: a wani gwaji na mutum 3,127 a Birtaniya da ya fito a ƙarshen 2018, maganin fuluwoksetin ya rage yawan masu faɗawa damuwa daga kimanin 17 zuwa 13 cikin 100, ko da yake bai ƙara wa hannu da ƙafa ƙarfi ba, kuma karayar ƙashi ta ɗan ƙaru. Don haka likita ne ke yanke wanda ya dace da shi, ba mai talla a tasha ba. Liman ma ya zo ya kwantar masa da hankali cewa kukan mara lafiya ba butulci ba ne. Almajiransa na shago kuwa suka koma kawo masa yadi kafin su sa almakashi, yana nuna musu da hannun hagu, yana yi musu faɗa kamar da. Ba mu ce ya warke ba, har yanzu akwai ranar da yake wuni bai ce uffan ba. Amma ran Juma'ar da ta wuce shi ya ce a kai shi masallaci.

SHAWARWARI GA MASU JINYA

1. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a nufi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A Paraku akwai babban asibitin koyarwa na Borgu da Alibori, inda likitocin ƙwaƙwalwa suke.

2. Maganin tansiyo ba a ajiye shi don an ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya, a riƙa awo a kai a kai.

3. A gaya wa likita halin zuciyar majinyaci kamar yadda ake gaya masa na ƙafa. In ya fara zancen mutuwa ko hallaka kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

4. Kada a umarce shi da godiya. A saurari kukansa tukuna, sa'an nan a taya shi ƙirga ƙananan alheran yini, da sunayen masu su.

5. A bar masa wani aiki da shawara a gida. Mu ma mu riƙa gode masa, domin wanda kullum shi ke cewa na gode, ba a taɓa ce masa ba, yakan ji ya zama kaya.

6. A riƙa karɓar mai jinya, wadda galibi mace ce ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wannan ciwo ta duniya. Muna kira ga sarakunan Zongo da limamai da ƙungiyoyin matanmu na Paraku da Jugu su gayyato ma'aikatan lafiya a yi wa jama'a awon tansiyo a ƙofar masallatai da kasuwanni, a kuma tsara zagayen gaida waɗanda ciwon ya zaunar a gida. Wataƙila wata rana binciken Turawa ya kai ga magani tabbatacce, likitocinmu su kawo mana shi ta ƙofar asibiti. Kafin nan, mu riƙe abin da ke hannunmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.